Zaman da muka yi kan kwata a Sabon Gari

Jiya da la'asar mai unguwa ya tara mu a Sabon Gari, nan ƙaramar hukumar Fagge, kan kwatar da ke toshewa duk damina har ruwa ya shigo mana shaguna. Hausawa, Ibo, Yarbawa, kowa da bencinsa. Na je ne da shirin faɗa, don ni a raina maƙwabta ne ke zuba shara.

Sai wata dattijuwa 'yar ƙabilar Ibo ta miƙe, da Hausa garau, har da su "wallahi" da "ka gane ko". Ta ce a nan aka haife ta, kakanta ya zo Kano tun zamanin Turawa, a jirgin ƙasa. Ta juyo gare ni: "Alhaji, ledojin ruwan da yaranka ke sayarwa, ina suke ƙarewa?"

Kunya ta kama ni. Na ce, "Mama, kin yi gaskiya."

An ɗan yi cacar baki kan ranar aikin gayya, mu Juma'a ba ta yi mana, su kuma Lahadi coci. Aka tsayar da Asabar da safe. Shebur biyu na yi alkawarin kawowa.