Abin da Aiki da Masu Ciwon Zuciya Ya Koya Mini Game da Abinci

Babban abin da na fahimta a karatun ilimin abinci, wanda daga baya aiki da marasa lafiya ya ƙara tabbatar mini, shi ne cewa ciwon zuciya yana ɗaukar shekaru masu yawa yana ginuwa kafin mai shi ya ji komai a jikinsa. Tun mutum yana saurayi kolestarol, wato wani nau'in maiƙo da ke cikin jini, yake fara kutsawa cikin bangon jijiyoyin jini, ya taru, wurin ya kumbura, hanyar jini ta riƙa tsukewa sannu a hankali. Ranar da wannan tarin ya fashe, jini yakan daskare a wurin ya toshe hanya. Idan jijiyar da ke ciyar da zuciya ce sai a samu bugun zuciya, idan kuwa ta ƙwaƙwalwa ce sai ɓarin jiki ya shanye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, wato kusan kashi 32 cikin 100 na dukan mace-macen duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mutane sun rasu ne a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Saboda haka zancen da ake yi cewa wannan cutar masu hali ce ba shi da tushe, kuma yana damuna ƙwarai, domin yana sa talaka ya ɗauka shi ya tsira.

Sanin abubuwan da ke jawo cutar bai daɗe sosai ba. A shekarar 1948 aka fara bibiyar lafiyar mutum 5,209 a garin Framingham na ƙasar Amurka, kuma daga wannan bincike ne aka tabbatar da alaƙar hawan jini da yawan kolestarol da shan taba da ciwon zuciya. A 2004 kuma wani babban bincike da Farfesa Salim Yusuf ya jagoranta a ƙasashe 52 ya nuna cewa abubuwa tara ne ke bayan kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin bugun zuciya na farko, ciki har da taba, da rikicewar maiƙon jini, da hawan jini, da ciwon suga, da teɓa, da rashin motsa jiki, da ƙarancin cin ganyaye da 'ya'yan itatuwa, da damuwa. Shekaru da jinsi da gado ba su hannun kowa. Amma mafi yawan sauran suna da alaƙa da abin da ake ci, kuma ba su cika zuwa ɗai-ɗai ba. Wanda jininsa ya ɗan hau, sugansa ya ɗan ɗaga, tumbinsa ya ɗan fito, yakan ce babu ko ɗaya da ya kai a damu da shi, alhali haɗuwarsu a jiki guda ta fi abu ɗaya mai tsanani haɗari a lokuta da dama.

Gishiri ne ya fi cin lokacina a ɗakin ganin marasa lafiya, kuma a ganina ya cancanci haka. Idan sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri ya yi yawa a jiki, ƙoda tana riƙe ruwa domin daidaita shi, yawan jinin da ke zagayawa ya ƙaru, zuciya ta riƙa bugawa da ƙarfi fiye da ƙima, bangon jijiyoyi kuma ya yi tauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokali guda, amma matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya ninka haka. Kusan duk wanda na tambaya yakan ce shi ba ya cin gishiri da yawa, kuma da gaskiyarsa yake faɗa, domin yana nufin ba ya barbaɗawa a kan abinci bayan an zuba masa. Ba ya lissafa wanda ke cikin burodi, da abincin gwangwani, da naman da aka sarrafa, da sinadaran ɗanɗano da ake jefawa a tukunya, sannan a ƙara gishiri a kansu. Mutane da yawa ba su ma san awon jininsu ya haura 140 bisa 90 ba, wato matakin da ake kira hawan jini, domin hawan jini bai cika zuwa da ciwon kai ko jiri ba. Hukumar ta ce kusan rabin masu shi ba su da labari.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa a nan shi ne harshe yana sabawa. Wanda aka rage masa gishiri kaɗan-kaɗan, bayan 'yan makonni sai ya ji abincin da ya saba ci a da ya yi masa zartsi. Wanda aka yanke masa farat ɗaya kuwa yakan ƙaurace wa abincin na kwana biyu, sannan ya koma gidan jiya. A ƙasar Sin an gwada wata dabara a ƙauyuka 600, inda aka maye gurbin wani kaso na gishirin girki da sinadarin potasiyam, kuma sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100. Sai dai irin wannan gishiri bai dace da mai ciwon ƙoda ba, kuma akwai magungunan hawan jini da ba sa jituwa da shi, don haka dole a tuntuɓi likita tukuna.

Batun mai ya fi wuyar bayani. An daɗe ana ce wa mutane su bar mai, ba tare da an gaya musu abin da za su sa a gurbinsa ba, cikin ɗan Adam kuwa ba ya zama wayam. Na ga marasa lafiya da suka daina cin kitse da man shanu, suka cike gurbin da farin burodi da lemon kwalba da kayan zaƙi, suka dawo bayan watanni nauyinsu ya ƙaru, sugansu ya hau, suna mamakin yadda biyayyarsu ba ta amfane su ba. Ban taɓa ɗora musu laifi ba, domin rabin shawara aka ba su. Kitsen dabba da sauran mai da ke daskarewa suna ɗaga mugun kolestarol, wanda ake kira LDL, domin suna rage ƙarfin hanta na janye shi daga jini. Amfanin rage su yana bayyana sosai ne idan aka musanya su da man tsirrai mai ruwa-ruwa, da kifi, da wake da danginsa, da hatsin da ba a cire masa dusa ba. Akwai kuma wani nau'in mai da ake daskarar da shi a masana'anta domin kayan toye-toye su daɗe ba su lalace ba, wanda yake ɗaga mugun kolestarol ya kuma rage kolestarol mai kyau a lokaci guda. Ƙasar Denmak ta taƙaita shi da doka tun 2003, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a kawar da shi daga abincin duniya baki ɗaya. Wannan nau'in ba shi da wani amfani ga jiki da za a yi ciniki a kai.

Daga ƙasar Finlan na ɗauki darasin da ya fi sauya yadda nake aiki. A farkon shekarun 1970 mazan yankin Kareliya ta Arewa suna cikin waɗanda suka fi mutuwa da ciwon zuciya a duniya. A 1972 aka fara wani shiri ƙarƙashin wani matashin likita, Pekka Puska, kuma masu shirin ba su tsaya ga wa'azi a asibiti ba. Sun shiga ƙungiyoyin matan gida, sun tattauna da masu sarrafa madara da nama da masu gidajen burodi, sun ƙarfafa noman 'ya'yan itatuwa, sun yaƙi shan taba. Cikin kimanin shekaru 40, mutuwar mazan da ke shekarun aiki sakamakon ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Abin da na fahimta daga nan shi ne mara lafiya ba shi kaɗai yake yanke hukuncin abin da zai ci ba. Idan na yi rabin awa ina yi wa mutum bayani, alhali wani ne ke sayen kayan abinci, wani kuma ke girkawa, to bayanin nawa zai tsaya a bakin ƙofar asibiti. Shi ya sa nake roƙon a zo mini tare da mai riƙe da tukunya, kuma nake neman a gyara girkin gida gaba ɗaya maimakon a ware wa mutum ɗaya kwano marar ɗanɗano yana kallon sauran suna cin mai daɗi. 'Ya'yan gidan ma suna amfana, tun da su ne suka gaji jininsa kuma suke cin abincin da ya kai shi ga wannan hali.

Duk da imanin da na yi da ƙarfin abinci, dole in faɗi iyakarsa. Babu tafarnuwa ko ganye ko wani haɗi da zai wanke jijiyar da ta riga ta toshe, kuma babu kyawun cima da zai goge ɓarnar taba, wadda barinta kaɗai ke rage haɗarin ciwon zuciya da kusan rabi cikin shekara guda. Giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a rana, da minti 150 na motsa jiki a mako, suna aiki ne tare da maganin da likita ya rubuta. Mafi ciwo a cikin abin da nake gani shi ne mutumin da ya gyara cimarsa, awonsa ya yi kyau, sai ya ajiye maganin hawan jini da kansa yana ganin ya warke, alhali maganin ne ke riƙe da jinin.

Akwai kuma waɗanda suka gaji yawan kolestarol daga iyaye, kimanin mutum ɗaya cikin kowane 250, waɗanda hantarsu ba ta iya janye shi yadda ya kamata komai kyawun abincinsu. Irin waɗannan sukan gamu da bugun zuciya tun suna da ƙuruciya, sau da yawa ba su da ƙiba, ba su kuma shan taba. Idan na ji cewa mahaifin mara lafiya ko ɗan'uwansa ya kamu da ciwon zuciya kafin ya kai shekara 55, ko mahaifiya ko 'yar'uwa kafin 65, nakan dakatar da zancen gishiri da mai na ɗan lokaci, in tura shi awon jini, in kuma nemi ya gaya wa 'yan'uwansa da 'ya'yansa su ma su je a auna su.