Wasiƙar Fafaroma da ta ambaci 'yar Darfur

Ensikilika ake ce wa wasiƙar da Fafaroma ke aika wa bishof-bishof na duniya, a kanisoshin nan Sudan kuma da Larabci za ka ji suna cewa risala amma. Kalmar daga yaren Girka ta fito, ma'anarta abin da ke zagayawa, ya'ani takarda ɗaya ce amma sai ta bi gari-gari ana karanta wa jama'a, kamar dai yadda wasiƙar Shehu Usmanu ta zaga ƙasar Hausa a zamanin jihadi. Fafaroma Benedict na 14 ne ya farfaɗo da ita a 1740, kuma ba a zama a raɗa mata suna, kalmomin farko na cikinta su ne sunanta.

Da bishof-bishof kaɗai ake nufi da ita, amma a 1963 Fafaroma John na 23 ya faɗaɗa ya ce tasa ta duk mai kyakkyawar niyya ce, har Francis a tasa ta 2020 ya ambaci Shehun Azhar Ahmad Ɗayyib da suna.

Wadda ta taɓa ni ita ce ta 2007, ta Fafaroma Benedict na 16. Wani maƙwabcinmu a Gadarif, mutumin duwatsun Nuba, shi ya nuna min ita da Larabci muna zaune gaban mai shayi, takardun duk sun yi ja, ya ja layi da biro a ƙarƙashin suna ɗaya, Bakhita. Yarinya ce daga Darfur, wajen 1869 aka haife ta, 'yan fataucin bayi suka sace ta tana ƙarama suka yi ta sayar da ita hannu-hannu daga El Obeid har Khartum, azaba ta sa ta manta sunan da iyayenta suka sa mata, su da suka sace ta kuma suka kira ta Bakhita wai mai sa'a, wallahi abin da ciwo. Daga baya aka kai ta Italiya ta zama Kirista mai hidimar kanisa, a can ta rasu a 1947 da tabo sama da ɗari a jikinta.

Ni Musulmi ne, aƙidarmu daban, amma tun da yaƙin nan ya ɓarke a Afrilun 2023 ana ta sace 'yan mata a Darfur ɗin nan dai. Ina ma malamanmu za su haɗu su rubuta wasiƙa ɗaya a kan wannan ta'asa, a karanta ta a kowane masallacin Juma'a daga Maiurno har Kassala.