Katin Medicare na Baba da lissafin kwana 60

Ranar da katin Medicare, inshorar lafiyar da gwamnatin Amurka ke ba tsofaffi, ya iso gidanmu a Bronx da ke birnin New York, mai launin ja da fari da shuɗi, Baba ya ɗaga shi sama a falo yana murmushi. "Shi ke nan," in ji shi, "asibiti ya zama kyauta." Shekara 22 ya yi yana tuƙa tasi a birnin nan yana biyan haraji, don haka ban ga laifinsa ba. Ni ma haka na ɗauka.

Gaskiya akwai inda ya yi daidai. Sashen A, na kwanciya asibiti, ba a karɓar kuɗin wata a hannun wanda ya cika shekara 65 kuma ya yi aikin shekara 10 yana biyan haraji. Sashen B kuwa, na ganin likita da gwaje-gwaje, dala 185 aka riƙa cirewa kowane wata a 2025, tun kafin kuɗin fanshonsa su shigo banki. Sai ka fara biyan wani adadi daga aljihunka a shekara, dala 257 a 2025, sannan gwamnati ta ɗauki kashi 80 cikin 100, ta bar maka 20. Wannan 20 ɗin ba shi da iyaka. In aikin na dala 500 ne, naka 100. In na dala 50,000 ne, kai ma ka yi lissafi.

Amma abin da ya fi ba ni haushi na asibiti ne. A watan Fabrairu ciwon sukari ya kwantar da Baba kwana 4, aka kawo takardar dala 1,676, kason da majiyyaci ke fara biya na kwanciya asibiti a 2025. Muka haɗa da ƙanena muka biya, na ce to na bana ya wuce. Ashe ba da shekara ake ƙirga shi ba. Da zarar mutum ya yi kwana 60 a jere bai kwanta ba, an rufe wancan lissafin. Watan Yuni ƙafarsa ta kumbura, aka sake kwantar da shi, sai ga wata 1,676 ɗin sabuwa fil. Na zauna a teburin kicin na karanta takardar sau uku, tuwo yana ƙonewa a kan wuta.

"Baba, da kun koma a watan Maris, da ba mu biya wannan ba."

Ya kalle ni ta saman tabarau. "To ni na aiki ciwon?"

Wata baiwar Allah a masallacinmu, ma'aikaciyar jinya ce, ita ta fara ambata mini Medigap, inshorar kamfani da ke toshe waɗannan giɓin, duk da ita ma da nata kuɗin na wata. Mun yi sa'a a jihar New York ana iya shiga kowane lokaci ba tare da a ƙi mutum saboda ciwonsa ba, a yawancin jihohi kuwa wata 6 na farko ne damarka. Magani dai ya yi sauƙi: insulin ɗinsa ba ya wuce dala 35 a wata.

Mun shigar da Baba Medigap a watan Agusta. Har yanzu dai bai daina ƙirgen ba. Kalandar lokutan sallah da ke manne a jikin firij, ya zagaye ranar da aka sallame shi da jan biro, kullum bayan asuba sai ya ja layi ɗaya.