Kowane ciwo sai na sa masa suna dabam

Da yayata ta rasu, ni aka bai wa riƙon ɗanta yana da wata bakwai. An ce tarin fuka ne ajalinta, ban ƙara tambaya ba. Ƙannena, kuskurena na farko ke nan.

Gudawa ta kama shi, ta wuce mako biyu, na ce haƙori ne. Fari-fari ya lulluɓe harshensa kamar kindirmo, in na goge da tsumma sai wurin ya yi ja, ya ƙi kama bulumboti, na ce zafi ne. Gefen kunnuwansa duka biyu suka kumbura, maƙwabciya ta ce hangum. Hangum kuwa ba ya wata biyu. Kunne na zubar da ruwa mai wari, ga kaluluwa a wuya da hammata da matsematsi, ni dai sintirin kemis nake, kowane ciwo da nasa kwalbar. Har rubutu an sha, don wata gwaggo ta rantse baki ne.

Sai da ciwon huhu ya kwantar da shi karo na uku wata nas ta karɓi katin awonsa. Layin nauyin ya miƙe, wata huɗu bai hau ba, ga shi ya shekara bai fara rarrafe ba. Ta ce, "Hajiya, me ya kashe mahaifiyarsa?" Na ji kamar ta mare ni, don a raina na daɗe da zargin ƙanjamau, tsoron bakin dangi ne ya hana ni furtawa.

Aka ɗiga jininsa a kan takarda aka aika, sakamako ya dawo ya nuna ƙanjamau ne. Ta ce kafin wata 18 gwajin nan-take ba ya yanke hukunci, domin garkuwar uwa na nan a jinin yaro. Shi ya sa ake yin na PCR, mai gano ƙwayar cutar kanta, tun jariri na mako shida, a fara ba shi Septrin don kare huhu. Ta ce rabin jariran da ke ɗauke da cutar ba sa wuce shekara biyu in ba magani. Ku kuma masu ciki, gwajin nan na wurin awo kada ku kauce masa.

Yanzu yana aji uku, yana shan maganinsa bayan sallar Isha. Kunnen hagu ne dai ba ya ji sosai, sai na zagaya ta dama nake kiransa.