Manhajar talla: aikin da ya fi yawa a shagona

Ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a kusa da Taminus, a cikin garin Jos, inda nake aiki tare da yara biyu masu koyon sana'a. Mafi yawan masu zuwa wurinmu ɗaliban Jami'ar Jos ne da masu shagunan buga takardu, kuma kukansu kusan iri ɗaya ne: kwamfuta ta yi nauyi, data na ƙarewa da wuri, tallace-tallace kuma suna faɗowa ko da ba a buɗe komai ba. Da yawa sukan iso da kuɗin ƙarin ram, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, a hannu, alhali ba nan ciwon yake ba.

Abin da muke tararwa galibi manhajar talla ce, wadda ba a cika kiranta bairos kai tsaye ba, domin mai kwamfutar ne da hannunsa ya ba ta izinin shiga. Takan zo ne a maƙale da wata manhajar kyauta, ko wadda aka fasa don a guje wa biyan kuɗi, kuma mutum yana ta danna maɓallin ci gaba cikin gaggawa ba tare da ya cire alamar amincewar da aka riga aka saka masa ba. Daga nan sai ta sauya shafin farko na burauza, ta karkatar da bincike, tana kuma tattara bayanan shafukan da ake ziyarta.

Nauyin kwamfutar bai dame ni kamar ƙofar da manhajar take buɗewa ba. A shekarar 2015 aka gano cewa manhajar Superfish, wadda ta zo a cikin wasu sababbin kwamfutocin Lenovo, tana raunana tsaron shafukan da ya kamata su kasance a killace, har da na banki. Wanda ke shigar da kalmar sirrinsa a irin wannan yanayi yana cikin haɗari bai sani ba.

Aikin yakan ɗauki kamar awa ɗaya. Mukan cire baƙin manhajoji, mu goge ƙare-ƙaren da aka liƙa wa burauza, mu bi da AdwCleaner, wata manhaja mai share manhajojin talla, sannan mu kunna kariyar da Windows ke da ita ga irin waɗannan manhajoji. Ba na gaggawar goge kwamfuta gaba ɗaya kamar yadda wasu abokan sana'a suke yi, musamman idan ɗalibi na da kundin bincikensa a ciki kuma bai adana shi a wani wuri ba. Kafin mai kaya ya tafi, nakan sa ya sauya kalmomin sirrinsa a nan shagon, ni kuma na juya baya har ya gama.