Inda na kai a nazarin buɗe wasan ches

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana. A 'yan makonnin nan na ajiye haddar jerin taku, na koma bin wasannin manyan gasa tun daga takun farko har zuwa tsakiyar wasa, domin sai a can ake gane dalilin da ya sa aka ajiye kowane ɗa inda aka ajiye shi.

Buɗewa ɗaya tak na riƙe: 1.d4 d5 2.c4 e6 3.Nc3 Nf6 4.cxd5 exd5 (harafi da lamba kamar d4 sunan gida ne a kan allo; N na nufin doki, R hasumiya, x kuma ci). Jerin sojojin da ke fitowa daga nan ana kiransa tsarin Carlsbad, sunan garin da aka yi wata babbar gasa a 1923. Ku kafa shi a kan allo ku duba ɓangaren sarauniya. Mai fari yana da sojoji biyu, a layin a da b, mai baƙi kuwa uku, a a7 da b7 da c6 (bayan ya tura sojan c7 zuwa c6). Abin mamaki, mai biyun ne ke kai hari. Sai ya kawo hasumiya b1, ya tura soja b4, ya biyo da a4, sannan b5. In aka yi musaya a c6, sojan da ya rage a wurin ba shi da ɗan uwan da zai tsare masa baya, shi ke nan mai baƙi ya shiga gadinsa har ƙarshen wasa. Da na ga wannan dabara tana maimaituwa a wasanni daban-daban, takun Rb1 ya zauna mini daram, ba sai na tuna lambarsa ba.

Wasan da ya fi burge ni shi ne na Botvinnik da Keres a gasar Tarayyar Sobiyat ta 1952. Tsarin ɗaya ne, amma Botvinnik, da ke riƙe da fari, ya ɗora dokinsa a e2, ya taka f3, ya fasa tsakiya da e4, ya yi nasara. A ganina duk mai buga wannan buɗewa ya kamata ya san hanyoyin biyu, don abokin karawa na iya toshe ɗaya.

Na ɗan leƙa kariyar Berlin ma, wata buɗewa ta daban ta mai baƙi, wadda Kramnik ya tare Kasparov da ita a Landan a 2000, har ya karɓe kambun duniya ba tare da an ci shi ko wasa ɗaya ba. A taku na 8 an riga an yi musayar sarauniyoyi, sarkin baƙi na tsaye a d8. Tana buƙatar ƙwarewa a ƙarshen wasa, saboda haka na jingine ta tukuna.

Yadda nake yi ba wuya. Ina ɗauko wasan daga rumbun wasannin gwanaye na shafin ches na intanet mai suna Lichess, wanda kyauta ne, in jera 'ya'yan a allo na katako, in rufe sauran takun da takarda. Daga taku na 10 nakan canki abin da gwanin zai taka kafin in duba, in rubuta dalilina a littafi. Kwamfuta sai a ƙarshe, don in ta riga ku magana ba za ku yi naku tunanin ba.

Mako mai zuwa zan juya allon in zauna a kujerar mai baƙi, in nemo wasannin da ya dasa doki a e4 ko c4 ya dagula wa mai fari lissafi. Wanda ke nazarin wannan tsari, ya gwada shi a wasa mai dogon lokaci, mu haɗa abin da muka gani.