Taken masu bindiga a bakin masu kyamarar fim

Sana'ata wankin fim ɗin ɗaukar hoto, wato jiƙa shi a ruwan sinadarai har hotunan su fito, da gyaran tsofaffin kyamarori, a wani ɗan shago a birnin New York. Akwai maganar da abokan cinikina suke yawan yi, wasu har sun liƙa ta a jikin jakarsu: ba za su rabu da kyamarar fim ba, sai dai a ɓamɓare ta daga hannunsu bayan sun mutu sun sandare.

Asalin maganar na masu bindiga ne. A shekarun 1970, ana tsaka da muhawarar taƙaita mallakar makami a Amurka, masu kare 'yancin riƙe bindiga suka riƙa buga ta a takardun da ake mannawa a bayan mota, ƙungiyar masu bindiga ta ƙasar, NRA, kuma ta yayata ta. Wanda ya sa duniya ta ji ta shi ne jarumin fina-finai Charlton Heston, shugaban ƙungiyar daga 1998 zuwa 2003. A taronsu na watan Mayun 2000 a birnin Charlotte, ya ɗaga wata bindiga mai tsohuwar ƙira sama da kansa, ya ambaci sunan Al Gore mai neman shugabancin ƙasa a lokacin, ya furta kalmomin, zauren ya kaure da tafi.

A daidai wannan zamanin kyamarar dijital ta fara cinye kasuwarmu. Kamfanin Polaroid ya daina yin fim a 2008. Kamfanin Kodak ya dakatar da fim ɗinsa mai kala Kodachrome a 2009, a ƙarshen 2010 kuma Dwayne's Photo da ke jihar Kansas, wuri na ƙarshe da ake wanke shi a duniya, ya daina karɓa. A 2012 shi kansa Kodak ya durƙushe. Masu son fim suka ji kamar ana musu ƙwace, sai suka ari taken.

Na san wannan zafin, abincina ne ya so ƙarewa. Duk da haka ban yarda a liƙa maganar a shagona ba. Rigimar bindiga a ƙasar nan rayuka take ci, ba na son a jingina ta da hoton biki. Kuma babu hukumar da ke neman ƙwace kyamarar kowa. Abin da ke kashe fim yana kan teburina: ruwan wankin fim mai kala da dole ya tsaya kusa da digiri 38 a ma'aunin Celsius, fim ya yi minti 3 da daƙiƙa 15 a ciki, in injin ɗumama shi ya lalace kuwa sai an sha wuya kafin a samu kayan gyara. Kyamarar da ta shekara 40, in wani ɗan ƙarfe ya karye a cikinta, sai na farke wata matacciya na ciro.

Kodak ya dawo da wani fim ɗinsa mai kala, Ektachrome, a 2018 saboda an samu masu saye, cikinsu har da matasa. Su nake zaunarwa in nuna musu yadda ake naɗa fim a cikin duhu da lalube. Ɗaya daga cikinsu yanzu shi ke haɗa mini ruwan wanki kowace safiya.